Tafiya da iyali a jirgin araha a kudu maso gabashin Asiya: daga sayen tikiti zuwa dawowa gida

Duk wanda zama ya kai shi Maleshiya, ko karatu ne ya ajiye shi a jami'o'inta na Gombak ko Serdang ko Sintok, ya san jajayen jiragen nan na AirAsia. Wata rana kana zaune sai waya ta nuna maka tikitin Langkawi a kan kuɗin da bai wuce cefanen kwana biyu ba, ka juya ka ce, "Maman yara, hutun nan fa fita za mu yi." Ba ƙarya suka yi maka ba, farashin gaskiya ne. Sai dai abin da aka sayar maka a wannan kuɗi shi ne gurbin zama guda ɗaya da kilo 7 na kayan hannu, shi ke nan. Akwati da kuɗinsa, zaɓen kujera da kuɗinsa, abinci da kuɗinsa, har ruwan sha.

A haka kasuwancin yake tun asali. A 2001 Tony Fernandes da abokinsa Kamarudin Meranun suka sayi AirAsia a kan ringit (kuɗin Maleshiya) ɗaya tak, tare da bashin da ke kansa na wajen ringit miliyan 40, suka mayar da shi jirgin talaka. Irinsa kuma sun cika yankin: Scoot a Singafo, Lion Air a Indunusiya, Cebu Pacific a Filifin, VietJet a Biyetnam. Ga gwauro mai jakar goyo ɗaya, wannan tsari garaɓasa ce. Mai iyali kuwa, kowane ƙaramin ƙari sai ya ninka shi da yawan kawunan gidansa, kuma duk abin da bai saya a waya tun yana gida ba, zai saye shi da tsada a gaban kanta, yara na jan rigarsa. Don haka yawancin aikin wannan tafiya a zaune ake yin sa, kwanaki kafin a doshi filin jirgi.

Zan riƙa misali da gida mai mutum biyar: miji da mata, yaro ɗan shekara 7, yarinya 'yar shekara 4, da jariri ɗan wata goma, suna tashi daga Kuala Lumpur.

Mataki na farko: takardu kafin tikiti

Kada ka sayi tikitin araha kafin ka tabbatar za a bar ka ka shiga inda za ka, domin irin wannan tikiti in ka fasa don kanka ba a mayar maka da kuɗinsa. Abokin karatunka ɗan Maleshiya zai ce maka Bangkok ta Tailan da tsibirin Bali na Indunusiya ai kamar bayan gida ne, ya ɗauki fasfo ya tafi. Shi ƙasarsa tana cikin ASEAN, ƙungiyar ƙasashen yankin, ba ya bukatar biza. Mai fasfon Najeriya kuwa sai ya nemi biza tun kafin tafiya, ko Tailan za shi ko Indunusiya ko Singafo, kuma kowane yaro da tasa, har jariri. Shi ya sa nake ba masu fita karo na farko shawara su fara da cikin Maleshiya: Langkawi ko Penang, tafiyar awa ɗaya-ɗaya, ko Kota Kinabalu, awa biyu da rabi.

A nan ma akwai abin lura. Sabah da Sarawak jihohin Maleshiya ne, amma suna da ikon kansu kan shige da fice. In kun sauka a Kota Kinabalu ko Kuching za ku bi layin jami'ai a duba fasfo kamar kun shiga wata ƙasa. Saboda haka fasfon kowa ya kasance a hannu, tare da takardar izinin zama mai sauran wa'adi.

Ka jera fasfunan gidan a kan tabarma ka duba ranar ƙarewar kowanne. Ƙasashen yankin suna son ya zama da sauran aƙalla wata 6. Na yara ne ya fi yaudarar mutum, domin an daɗe da yin sa, ba a kuma cika buɗe shi ba. Ka haɗa da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake tambayar waɗanda suka fito daga ƙasashenmu, da takardar haihuwar yara, musamman in sunan ƙarshe na uwa ya bambanta da nasu, kamar yadda yake a yawancin gidajenmu. In uwa ce kaɗai za ta tsallaka iyaka da su, ta riƙe takardar amincewar uba, ba za ta ƙara wa jaka nauyi ba.

Sai katin isowa da ake cikewa a intanet. Maleshiya tana da nata, Singafo ma haka, Tailan ta fara nata a watan Mayun 2025, kuma ana cike su ne cikin kwana 3 kafin isa. Kyauta ne a shafin gwamnati. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa, ɗan tsakiya ne ya tare maka hanya.

Mataki na biyu: wace rana, wane lokaci

A yawancin yankin nan ba a maganar sanyi da zafi, kullum zafi ne da gumi. Abin tambaya shi ne ina ruwa yake sauka a wannan wata. Daga Nuwamba zuwa Maris damina tana dukan gabashin Maleshiya, wato Kelantan da Terengganu da Pahang, har otal-otal na tsibiran Perhentian da Redang sukan rufe. Ɓangaren Langkawi da Phuket kuwa lokacin ne suke samun sarari, nasu ruwan ya fi ƙarfi wajen Satumba da Oktoba. Bali tana jiƙewa daga Nuwamba zuwa Maris. Filifin tana fama da guguwar teku daga tsakiyar shekara zuwa wajen Nuwamba. In ka ga tikiti ya faɗi warwas, duba kalanda tukuna, wataƙila ruwa ne ya karya shi.

Bali tana da nata abubuwan na daban. Tokar dutse mai aman wuta takan tsayar da jirage, kamar yadda dutsen Agung ya sa aka rufe filin jirgin Denpasar, babban birnin tsibirin, a Nuwamban 2017. Sannan a ranar Nyepi, sabuwar shekarar mabiya Hindu na tsibirin, filin jirgin kansa a rufe yake awa 24.

Lokutan da farashi ke hawa su ne ƙaramar salla, lokacin da Malayawa ke komawa ƙauye, abin da suke kira balik kampung, Indunusiyawa kuma mudik. Sai sabuwar shekarar Sinawa. Sai bikin Songkran na Tailan a tsakiyar Afrilu. Sai hutun makarantu. In yaranka ba su shiga makaranta ba tukuna, ka more wannan dama ka yi tafiya a tsakiyar mako, lokacin da kowa ke aiki.

Game da sa'a, ra'ayina a fili yake: da sanyin safiya ake kama fara. Jirgin araha ba ya hutawa. Yana sauka, a kwashe fasinja, a zuba wasu, cikin kamar rabin awa ya sake tashi, haka har dare. In ya makara minti ashirin da safe, wannan makara za ta bi shi tana ƙaruwa har jirgin ƙarshe. Ga kuma hadarin la'asar, wanda a Kuala Lumpur kusan abokin zama ne, da tsawa da walƙiya. Amma fa kada kwaɗayin araha ya kai ka ga jirgin ƙarfe 6 na safe. Wannan yana nufin tada yara ƙarfe 2 ko 3 na dare, sallar asuba a guje, da kuɗin mota mai tsada. Tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe shi ne daidai mai iyali.

Mataki na uku: lissafi da sayen tikiti

Ɗauki takarda da biro. Kada ka kwatanta farashin da ke fuskar shafi, ka kwatanta jimillar da za ta fita daga aljihunka: kujeru huɗu zuwa da dawowa, kuɗin jariri, akwati, zaɓen kujera, abinci, da motar zuwa filin jirgi. Daga nan ka leƙa farashin manyan kamfanoni irin su Malaysia Airlines, ka duba abin da tikitinsu ya ƙunsa. Wani lokaci bambancin bai kai ya kawo ba. Sau da yawa kuma jirgin araha ne zai yi nasara, musamman a gajeruwar tafiya. Ko ma mene ne, ka san abin da ka zaɓa.

Ka saya kai-tsaye daga shafin kamfanin ko manhajarsa. Dillalan intanet sukan rage 'yan kuɗi kaɗan, amma ranar da aka sauya lokacin tashi, kamfani zai tura ka wurin dillali, dillali ya turo ka wurin kamfani. Kuma ka sa kowa a cikin saye ɗaya, lamba ɗaya. Wannan zai ba ku damar haɗa kilon akwatinku wuri guda, in kuma aka sauya jirgi a sauya ku tare.

Wurin rubuta suna, ka buɗe fasfo a gabanka ka kwafa harafi-harafi. Mu mun saba Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ko sunan uba ya koma gaba, na yanka ya koma baya. Kwamfuta ba ta san wannan sassauci ba. Kuma a AirAsia ba a mayar da tikitin wani ya zama na wani.

Jariri, a lissafinsu, shi ne wanda bai cika shekara 2 ba a ranar tafiya. A cinya yake zama, ana biya masa wani ƙayyadadden kuɗi kowace tafiya, kuma babba ɗaya jariri ɗaya. In zai cika shekara biyu kafin ranar dawowa, to dawowar sai da kujerarsa. Mai juna biyu kuma ta ƙirga makonninta zuwa ranar dawowa, ba ranar tafiya ba. A AirAsia daga mako 28 zuwa 34 sai da takardar likita, daga mako 35 ba sa ɗauka.

Yayin da kake latsawa zuwa wurin biya, shafin zai yi ta miƙo maka kaya: inshora, otal, mota, haɗakar akwati da abinci da kujera. Ka karanta kowane layi. Haɗakar nan takan yi riba ga mutum ɗaya a cikinku, ba lallai ga kowa ba. Yarinya 'yar shekara 4 ba ta bukatar kilo 20.

Kujera kuwa, a nan ba na rowa. In ba ka zaɓa ba, kwamfuta ce za ta raba, kuma tana iya watsa ku. Roƙon baƙo ya tashi daga kujerar da ya biya kuɗi a kanta ba abu ne mai daɗi ba, balle da harshen da ba ka iya ba. Yawancin jiragen nan Airbus A320 ne mai kujeru 180 ko sama da haka kaɗan, uku a hagu uku a dama. Ga yadda na fi so a zauna: uwa da jariri a jikin taga, inda za ta shayar a rufe ba mai gogar ta, 'yar shekara 4 a tsakiya, uba a bakin hanya, babban yaron a kujerar da ke tsallaken hanya, inda hannu zai kai gare shi. Kujerun baya sun fi araha, ga su kusa da banɗaki. Layin ƙofar gaggawa mai faɗin nan kada ka ɓata kuɗinka a kansa, ba a zaunar da yara ko mai jariri a wurin.

Mataki na huɗu: kaya, inda ake cin Bahaushe tara

Mu mutane ne masu tafiya da kaya. Ga tsaraba, ga yaji, ga "ko za a bukata". Jirgin araha kuwa da sikeli yake cin abinci.

A AirAsia kowane mai kujera yana da kayan hannu guda biyu, ƙaramin akwati da 'yar jaka, amma jimillarsu kada ta wuce kilo 7. Akwatin kada ya wuce santimita 56 da 36 da 23. Cebu Pacific da VietJet ma kilo 7 ne, Scoot kilo 10. Gidan da muke misali da shi yana da kujeru huɗu, ke nan kilo 28 kyauta. Wannan ba kaɗan ba ne, sai dai ka tuna hannuwan manya huɗu ne kacal, biyu kuma jariri ya riga ya cinye su. Abin da ya fi sauƙi shi ne jakar goyo ga kowane babba, ƙaramar jakar goyo ga babban yaro, sannan a sayi kilo 20 ko 25 na babban akwati ɗaya don tafiyar kwana huɗu ko biyar. Ko nawa ka saya, akwati guda ba ya wuce kilo 32, saboda masu ɗaga shi.

Ka sayi kilon tun lokacin sayen tikiti, a nan ya fi araha. Ƙarawa daga baya a manhaja ya ɗan fi tsada. Biya a kanta, kilo-kilo, shi ne yankan wuƙa. Na taɓa ganin haka da idona a kan kaina: a wani filin jirgi, da wani kamfani, akwatinmu ya haura da kilo huɗu, na durƙusa a gaban layi ina zaro kaya ina cusawa a jakar yara, har da tukunyar dafa shinkafa da ba mu taɓa kunnawa ba duk tafiyar. Tun ranar na sayi ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, kuɗinsa bai kai tarar kilo ɗaya ba.

Rage kaya a ƙasar zafi ba wuya. Tufafi marasa nauyi, kala uku-uku sun isa, domin shagunan wanki na jefa kuɗi suna ko'ina. Hijabi mara kauri, da abaya wadda ke bushewa da wuri. Famfas da sabulu da madarar gwangwani duk ana samunsu a can, ɗauki na kwana ɗaya ko biyu kawai. Keken jariri ana karɓarsa kyauta, amma ka sa a liƙa masa takarda a kanta. Ka riƙe zanin goyo ko majanyi a kusa, domin wani lokaci ba za ka sake ganin keken ba sai a wurin ɗaukar akwatuna, kuma goyo irin namu ya fi kowane keke a kan matakalar jirgi.

Jakar da za ta zauna ƙarƙashin kujera ita ce ran tafiyar. A ciki: fasfuna, famfas fiye da lissafinka, tsumman goge jiki, ledoji, kayan canji ga kowane yaro da riga ɗaya ga wanda zai riƙe jariri, maganin zazzaɓi na yara, da rigunan sanyi marasa nauyi. In tafiyar ta ƙetare ce, duk wani abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100, ban da madara da abincin jariri, waɗanda za ka fito da su ka nuna. Fawa-banki ba ya shiga babban akwati, a hannu ake riƙe shi, kuma tun 2025 kamfanoni da yawa a yankin sun hana amfani da shi a cikin jirgi. Ka cika wayoyi da caji tun a ƙasa. Kilishi da dambun nama, in za ku tsallaka iyaka, ku cinye su a gida, jami'an kwastan ba sa wasa da nama. Duriyan kuwa, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya da wari, ko a akwati ba a yarda da shi ba.

Mataki na biyar: tabbatar da tafiya da zuwa filin jirgi

Ka tabbatar da tafiyarka, wato check-in, a manhaja tun kana gida. AirAsia yana buɗe wannan kwana 14 kafin tashi. Ka adana katin shiga jirgi na kowa a waya, ka kuma ɗauki hotonsa, ko ka buga a takarda, domin intanet takan yanke daidai lokacin da ake bukatarta. In tafiyar ƙetare ce, duk da haka za ku biya ta kanta a duba biza.

Sannan ka duba da kyau: wane filin jirgi, wace tasha. Kuala Lumpur tana da babban fili a Sepang mai tasha biyu, ga kuma Subang can wani ɓangare. AirAsia a tasha ta 2 yake, wadda aka buɗe a 2014, mutane har yau suna ce mata klia2. In ka yi kuskure ka sauka a tasha ta 1, jirgin ƙasa zai kai ka ta biyun cikin minti 3. Bangkok kuwa filaye biyu ne masu nisa da juna, Don Mueang da Suvarnabhumi, wanda ya rikita su ya rasa jirgi. A filin jirgin Changi na Singafo, AirAsia yana tasha ta 4, wadda take ware da sauran.

Daga tsakiyar Kuala Lumpur, jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana tashi daga KL Sentral ya isa tasha ta 2 cikin minti 33, babba ringit 55. Ga mutum ɗaya yana da kyau. Ga gida guda, motar haya ta Grab, wadda ake kira ta manhaja, mai kujeru shida takan fi sauƙi, ta ɗauke ku daga ƙofar gida da kayanku. Bas ya fi duka araha, amma ka ba shi awa ɗaya da ɗoriya.

Lokaci: awa 3 kafin tashi in ƙetare ne, awa 2 in cikin gida ne, da yara ka ƙara rabin awa. Wurin ajiye akwati yana rufewa awa ɗaya kafin tashi, ƙofar shiga jirgi kuma minti 20 kafin tashi. Ba a roƙo, ba a "don Allah". Tasha ta 2 kuma doguwa ce ƙwarai. Kafin ka kai kanta sai ka ratsa kasuwa guda mai shaguna, in kuma ƙofarku tana ɓangaren P ko Q sai kun haye wata doguwar gada. Da ƙafar 'yar shekara 4, ka ware minti ashirin na tafiya kawai.

Abin da zai faranta maka shi ne wurin salla. A Maleshiya sunansa surau, a Indunusiya musholla, akwai na maza da na mata da wurin alwala. Ku yi salla a nan, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗawa, domin banɗakin jirgi ba wurin alwala ba ne. Ku ci abinci a ƙasa, ku cika gorunan ruwa bayan an gama bincike, a kai kowane yaro banɗaki ko ya ce ba ya ji, a sauya wa jariri famfas dab da shiga.

Mataki na shida: cikin jirgi

Wasu filayen, kamar na Langkawi, a ƙasa ake takawa zuwa jirgi a hau matakala, cikin rana ko yayyafi. Ka riƙe hannun yara sosai. Da kun shiga za ku iya ganin farin hayaƙi yana fitowa daga saman kujeru. Ba gobara ba ce, sanyin na'ura ne ya haɗu da iska mai laima. Gaya wa yara tun kafin su tsorata. Minti kaɗan bayan haka sanyin zai kama jikin da ya jiƙe da gumi, bargo kuma na sayarwa ne. Nan rigunan sanyin nan za su yi rana.

Dokar AirAsia ita ce ba a cin abincin waje a cikin jirgi, ban da na jarirai. Abincinsu, mai suna Santan, ana yin odarsa tun kafin tashi, ya fi araha a haka, kuma za a kawo maka kafin a fara sayar wa sauran. Shinkafar nan ta nasi lemak da ake dafawa da madarar kwakwa ita ce ta yi suna, amma miyarta da yaji, a zaɓa wa yara shinkafa da kaza. A jiragen Maleshiya da Indunusiya abincin halal ne. A na Tailan, Filifin da Biyetnam ka nemi alamar halal kafin ka yi oda, in ba ka gani ba ku tsaya a biskit da ruwa. A tafiyar awa ɗaya ma ni ban ga dalilin sayen abinci ba, kafin a buɗe shi an fara sauka.

Ba talabijin a bayan kujera. Ka sauke wa yara abin kallo a waya tun a gida, da abin sawa a kunne, da littafin zane da fensir. Ciwon kunne ya fi tsanani lokacin sauka, wajen rabin awa kafin taɓa ƙasa. Jariri a ba shi nono ko fida a lokacin, manyan yara su riƙa kurɓar ruwa ko tsotsar alewa, haɗiyar ce ke buɗe kunnen. In an kunna alamar ɗamara, kowa ya zauna, domin gajimaren yankin nan yana girgiza jirgi ba sallama. Jariri yana da 'yar ɗamararsa da ake haɗawa da ta uwa, ma'aikata za su kawo.

In jirgi ya makara, ko za a sauya jirgi

Jirgin araha daga nan zuwa can yake sayarwa. In ka sayi tikiti biyu daban-daban, na farko ya makara ka rasa na biyu, asararka ce. AirAsia yana da tsarin haɗa tafiya mai suna Fly-Thru, inda akwatinka zai wuce kai-tsaye. In ba shi ka saya ba, sai ka fita ta shige da fice, ka ɗauki akwati, ka sake shiga, wanda ke nufin kana bukatar bizar ƙasar da ka yada zango. Mai koren fasfo ya riƙe wannan da kyau. Haka kuma kada ka sa jirgin araha ya sauke ku awa uku kafin babban jirginku na komawa Kano ko Abuja. Ku iso kwana ɗaya kafin nan, ku kwana kusa da filin.

A Maleshiya akwai dokar kare fasinja ta 2016. In jinkiri ya kai awa 2, kamfani zai ba da abinci. In ya kai awa 5, da masauki in kwana ya kama, kuma tun 2024 kana da zaɓin a mayar maka da kuɗinka. Ka je kanta ka tambaya cikin natsuwa, ka ajiye duk wani rasit.

Sauka da dawowa

Ku bari gaggawar mutane ta wuce kafin ku tashi, ka leƙa aljihun kowace kujera, nan ake barin waya da takalmin yaro. Ka gyara agogo: Maleshiya, Singafo da Bali suna gaban Najeriya da awa 7, Bangkok da Jakarta da awa 6. Soket ɗin Maleshiya da Singafo mai baki uku ne irin na gida, na Indunusiya mai baki biyu ne zagayayyu. Kafin ku fita waje a shafa wa yara maganin sauro, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo.

Akwatin dawowa kullum ya fi na zuwa nauyi. Langkawi tsibiri ne da ba a biyan harajin kaya, uwargida za ta ga cakulan da kwanukan tangaran, ga tufafin da ba su gama bushewa ba. Daren ƙarshe, bayan yara sun yi barci, ka rataya akwatin a ɗan sikelin nan. In ya haura, buɗe manhaja a daren ka ƙara kilo biyar, domin ana rufe wannan dama awanni kafin tashi. Takalma masu nauyi a sa su a ƙafa, cakulan kuma a raba shi a jakunkunan hannu, a auna kowace kada ta wuce bakwai.